Jikar da Iya ta ɓoye a bayan rumbu

A watan Maris na 2006 ina cikin malaman firamaren da aka ɗauka aikin ƙidaya. An yi mana bita ta 'yan kwanaki, aka raba mana jaka da damin fom da fensir da alli, da tawadar da ake shafa wa duk wanda aka ƙirga a babban yatsa. Ni da wani abokin aikina aka tura mu wata unguwa a gefen wani ƙauye na arewacin Katsina. Sanyi ya riga ya tafi, bazara ta kawo jiki, yashi na ƙona ƙafa tun da hantsi. An hana zirga-zirga, kasuwa ba ta ci ba, kowa yana gida.

A rana ta biyu muka yi sallama a wani babban gida. Maigidan ya fito, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwan randa. Muka rubuta shi, muka rubuta matansa biyu da ƙannensa da matansu. Da aka zo kan yara sai muka ji murya daga ciki: "Kada wanda ya fitar min da jika ko ɗaya!" Mahaifiyarsa ce. Ta dogaro sanda har bakin zaure, aka kawo mata kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ƙare mana kallo.

Na durƙusa na ce, "Iya, barka da hutawa. Aikin hukuma ne, babu cutarwa a cikinsa."

Ta ce, "Ɗan nan, an ce kai malamin makaranta ne. To gaya min, awaki ne su da za ka ƙirga min su? Wanda ya ba ni su ya san adadinsu. Ni da na goye su ban taɓa nuna su da yatsa na ce ɗaya, biyu ba. Na binne waɗanda na binne, Allah ya bar min waɗanda ya bar min. Abin da aka ƙirga, albarka ta tashi daga kansa."

Ɗanta ya yi ta ba ta haƙuri. "Iya, ki yi wa Allah ki bari, kowane gida an shiga." Can dai ta kau da kai, yaran suka riƙa fitowa muna rubutawa muna shafa tawada. Mun fita ke nan sai wani yaron maƙwabta ya biyo mu ya ce akwai saura. Wata 'yar shekara uku ce, takwarar Iya, an ɓoye ta a bayan rumbu an lulluɓe da zani. Abokin aikina ya ce mu koma. Na ce a bar ta. Na ji nauyin tsohuwar, kuma a ranar ba ni da amsar da zan ba ta.

Kusan shekara ashirin ke nan, ba a sake yin ƙidaya a Najeriya ba, yarinyar nan kuma ba ta bar raina ba. Duk lokacin da na ji ana muhawara a rediyo kan ko ya kamata a kashe maƙudan kuɗi a kan na'urorin ƙidaya na zamani, sai na ga kamar an tsallake tambayar farko, wadda Iya ta yi min. Shin ya halatta ɗan Adam ya ƙirga bayin Allah? Wanda bai warware wannan a zuciyarsa ba, ko minista ne ko ɗan majalisa, zai ci gaba da ɗaukar ƙidaya a matsayin wani buki na Turawa da ake yi idan kuɗi sun yi saura.

Iya ba ta yi maganar banza ba. Mu mutane ne masu tsoron baki. Uwa ba ta faɗin yawan 'ya'yanta a gaban baƙo, sai dai ta ce suna nan, Allah ya raya. Bafulatani ba ya son a tsaya a kan garkensa ana nuni. Bayan wannan kuma akwai tabon tarihi. A zamanin da Iya ta tashi, duk ranar da malamin hukuma ya zo da takarda yana rubuta sunayen magidanta, haraji ne ke biyo baya. Idan shanu aka ƙirga, jangali ne. Ta ga mazan da suka kwana a dawa don gudun dogarai, ta ga waɗanda suka sayar da hatsin gida don su biya. Sai a 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda muke cikinta a lokacin, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. Ba mu kaɗai ba ne. Boren matan Aba na 1929 ya faro ne daga garin Oloko, lokacin da aka aiko wani mutum ya ƙirga mutane da dabbobin gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa, matan yankin suka fahimci cewa harajin mata ke tafe. Duk inda mai ƙirge ya zo ya karɓa bai taɓa kawowa ba, mutane za su koyi ɓoye 'ya'yansu.

Bayan an gama aikin na kai maganar wurin wani dattijon malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan sallar asuba. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata tsohuwa ta ɗaure ni da magana." Na kwashe labarin na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce tsohuwar tana da madogara ko da ba ta sani ba. Ya kawo labarin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ɗan sha'irin da ya rage mata bayan wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta daɗe tana ci daga ciki bai ƙare ba, ranar da ta auna shi sai ya ƙare. Ya kawo kuma yadda aka hori Asma'u 'yar Abubakar da ta daina ƙididdige abin da take bayarwa, don kada a ƙididdige mata. Na ce to ai shi ke nan, Iya ta yi gaskiya. Ya ɗaga hannu. Ya ce a cikin Bukhari kuma akwai umarni a riƙa auna abinci don a sami albarka a cikinsa. Awo ɗaya ya kore albarka, awo ɗaya ya jawo ta.

Akwai mudu a gefensa, na gero, wanda wani almajiri ya ajiye. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Ya ce, "Matar da ke leƙa rumbunta kullum safiya tana aunawa don tsoron kada Allah ya manta da ita, wannan mudun ya zame mata rashin tawakkali. Manomin da ya tashi fitar da zakka bai auna ba, ya ce shi ya dogara ga Allah, wannan ya ci haƙƙin miskini. Mudun bai sauya ba. Ka duba haƙƙin wa ke cikin abin da ake aunawa." Ya ci gaba da cewa shari'a da kanta ta tilasta wa makiyayi ƙirga garkensa, don tumaki arba'in akwai ɗaya ta zakka, shanu talatin akwai ɗan maraƙi. Mai rabon gado kuwa ba ya taɓa ko allura sai ya san magada nawa ne, har cikin da ba a haifa ba ana ajiye masa kasonsa. Alƙalin da ya raba gado ya bar magaji ɗaya a waje, ko da mantuwa ne, rabonsa ɓatacce ne.

Wannan misalin gadon shi ya buɗe min ido. Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin tarayya, kuma a rabon da ake yi tsakanin jihohi kashi 30 cikin 100 ya rataya ne a kan yawan jama'a. Kujeru 360 na Majalisar Wakilai da yawan jama'a ake yanka su. Allurar riga-kafi, kujerun aji, malaman jinya, taki, rijiyar burtsatse, duk da wannan adadi ake lissafa su. Rabon gado ne da ake maimaitawa kowane wata, takardar magadan kuma tun 2006 aka rubuta ta, ana ta ƙara mata kintace a kai.

Malam ya tuna min cewa Annabi da kansa ya sa an rubuta masa waɗanda suka shiga Musulunci a Madina, kuma Huzaifa ya ce sun rubuta maza 1,500. Amma labarin da ya fi zama min a zuciya shi ne na diwanin Sayyadina Umar. Da dukiya ta yawaita a baitulmali, a wajajen shekara ta 20 bayan hijira, ya ga rabo da ka ba zai yiwu ba. Ya ɗauko tsarin rijistar da Farisawa da Rumawa suka saba da shi, bai ce abin baƙi ne ba. Ya kira masana nasabar Ƙuraishu uku, Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, ya sa su rubuta mutane gida-gida. Ya ƙi yarda a fara da danginsa, ya ce a fara da dangin Annabi, a sa shi inda Allah ya ajiye shi. Wani dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina sai ya ji kukan jariri ya ƙi ƙarewa. Ya je wurin uwar har sau uku. Ita ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa tana neman yaye yaron ne da ƙarfi, saboda Umar ba ya yanka wa yaro albashi sai an yaye shi. Da asuba kuka ya hana a gane karatunsa. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga ranar haihuwa.

Ina son masu mulki su tsaya a kan wannan labari. Rijistar Umar tana da aibi, aibin kuma ya sa wani jariri ya kwana da yunwa. Bai ce tunda rijista ta cutar a watsar da ita a koma rabo da ka ba. Ya gyara ta yadda wanda bai iya magana ba tukuna zai shiga ciki. Shugaba irin Umar, da ke tsoron Allah ya tambaye shi ko da kan dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi, ba zai iya barci ba alhali bai san yawan jariran da ke ƙasarsa ba.

Akwai wani irin ƙirgen kuma, wanda Alƙur'ani ya zarga. Malaman tafsiri sun kawo a ƙarƙashin Suratut Takasur cewa wasu dangi biyu sun yi ta alfahari da yawa, da rayayyu suka ƙare sai suka nufi maƙabarta suna nuna kaburbura, kowa na ƙara nasa da matattu. A Hunaini ma, ranar da Musulmi suka kai 12,000 suka ji yawansu ya burge su, a ranar aka fara tarwatsa su. Abokin aikina na ƙidaya Kirista ne daga kudancin jiharmu, kuma da muka tattauna wannan a ƙarƙashin wata bedi ya ce su ma haka abin yake a wurinsu. Annabi Musa ya ƙirga Bani Isra'ila a jejin Sina'i bisa umarnin Ubangiji, har akwai littafi guda da ake kira da sunan ƙidayar. Amma da Dauda ya ƙirga mayaƙansa, aka ɗauke shi laifi, annoba ta ci mutum 70,000. Littattafai biyu, rarrabewa iri ɗaya: akwai ƙirgen mai neman sanin nauyin da ke wuyansa, akwai na mai neman abin tinƙaho.

Wanne muka yi a Najeriya? Ƙidayar 1962 rigima ta cinye ta, aka soke. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.6, gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara Kotun Ƙoli ba ta yi nasara ba, kuma ɗacin wannan rikici yana cikin abubuwan da suka raunana jamhuriya ta farko. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta zo da miliyan 88.9, ƙasa ƙwarai da abin da aka daɗe ana kintatawa. Tamu ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas kuma ta ce ita nata lissafin miliyan 17.5 ne. A ƙidaya biyun ƙarshe an cire tambayar addini da ta ƙabila gaba ɗaya, saboda an san abin da za a yi da amsar. Wannan tarihi ya fi kama da na masu zuwa maƙabarta fiye da na diwanin Umar, kuma ba kudu ba arewa, kowa ya sa hannu.

Na gani da idona. A dare na huɗu wani mai faɗa a ji a yankin ya aiko aka kira mu. Ya yi mana tarba ta girma, aka kawo kaji. Bayan an ci sai ya ce akwai 'yan cirani da yawa da suka tafi kudu, kuma ai 'yan gari ne, bai kamata garinsu ya yi asararsu ba. Ya nuna wani damin fom da ban san inda ya samo ba, ya ce ga yara nan za su taya mu dangwala yatsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar ita ce a ƙirga mutum a inda aka same shi. Waɗannan ana can ana ƙirga su a inda suke." Ya ce kowane gari haka ake yi, wanda ya ƙi ya cuci jikokinsa. Mun ba da haƙuri mun tafi. Abin da ya faru da damin nan bayanmu, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne takarda ba ta da bakin faɗa. Fom ɗin da aka cika a zauren mai kuɗi da tsakar dare da wanda aka cika a ƙofar bukka da rana tsaka, idan sun isa wurin tattarawa kamarsu ɗaya.

Ga kuma ɗaya gefen. Taswirar da aka ba mu zanen hannu ce da aka yi wa hoto har layukan suka dushe, kuma ta ƙare ne a bakin wata ƙorama. An ƙara kwana biyu a kan wa'adin aikin, a ranar ƙarshe wani mai tallar nono ya gaya mana akwai ruga da 'yan gidajen noma a hayin ƙoramar. Fom ɗinmu sun ƙare, babu babur, babu wanda za mu kira. Muka tafi muka bar su. A cikin mako guda an nemi in rubuta mutanen da ba sa nan, kuma na kasa rubuta waɗanda ke nan. Yaran hayin nan daga baya wasunsu sun zo ajina, suna tafiyar fiye da awa guda a ƙasa. Duk lokacin da aka zo rabon wani abu a mazaɓar, takarda ake dubawa, takarda kuwa ba ta san da su ba.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan na'ura, ni da na tsufa da alli a hannu. A ƙidayar zamani ana fara da hoton tauraron ɗan'adam, inda kowane rufi ke fitowa, na kwano ko na ciyawa. Ana yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, a zuba wa kowane malamin ƙidaya taswirar yankinsa a cikin kwamfutar hannu. Idan ya zauna da maigida, na'urar na rubuta wurin da yake da lokacin da ya fara da lokacin da ya gama. Wanda ya cika gida ɗari uku yana zaune a zaure ɗaya, za a ga duk ɗigon sun taru wuri guda. Idan ya rubuta uwa 'yar shekara goma sha biyar da ɗa ɗan shekara goma sha biyu, manhajar za ta tsayar da shi. Babu ƙarewar fom. Inda babu sabis na'urar na ajiye bayanin, da an sami sabis ta tura. Mai sa ido kuma yana iya gani tun kafin a tashi aiki cewa ga rufi ashirin a hayin ƙorama ba wanda ya taka wurin, ya tura mutum washegari.

Ba tatsuniya nake ba. Mun ga irinsa a nan arewa a yaƙi da shan inna. Daga 2012 aka fara ba masu riga-kafi wayoyin da ke nuna sawunsu, ana ɗora sawun a kan taswirar tauraron ɗan'adam, sai ga ƙauyuka da rugage da ba su cikin zanen hannun da aka daɗe ana amfani da shi. Wannan yana cikin abin da ya kai mu ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Kenya ta yi ƙidayarta da kwamfutar hannu a Agustan 2019, kafin ƙarshen Nuwamba ta sanar da miliyan 47.6, kuma jami'o'inta biyu, ta Moi da ta Jomo Kenyatta, su suka harhaɗa na'urorin a gida. Ghana ta yi tata a 2021, cikin wata uku aka ji miliyan 30.8, har da 'yan'uwanmu na zango. Mu a 2006 sai da muka jira wata tara kafin jin adadin farko, wata taran nan kuwa sun ishi kowane irin zargi ya yi saiwa.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta ake tsayawa. Lokacin da ake shirin ƙidayar da aka sa ranar 3 zuwa 7 ga Mayu 2023, gwamnati ta ce aikin gaba ɗaya zai ci naira biliyan 869. Adadi ne mai sa mutum ya riƙe baki. Amma idan aka raba shi a kan mutum sama da miliyan 200, kowa bai wuce naira dubu huɗu da 'yan kai ba a kuɗin wancan lokaci, kuma na shekara goma ne. An shata yankunan ƙidaya, an sayo na'urori dubu ɗaruruwa, an fara horar da ma'aikata, sai ana saura kwanaki kaɗan aka ɗage. Na'ura ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Batir yana mutuwa, manhaja tana tsufa, taswira tana zama ƙarya duk ranar da aka kafa sabuwar unguwa ko 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye. Ɗagewa ma kashe kuɗi ne, sai dai ba a ganin rasiɗinsa.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan alwala ta wajaba kuma ruwan yana cikin rijiya, neman guga da igiya ya shiga cikin wajibin. Adalci a rabo wajibi ne a kan shugaba. Adalcin ba ya yiwuwa sai an san masu haƙƙi. Mun gwada takarda sau biyar tun samun 'yancin kai, ba ta taɓa ba mu adadin da aka yarda da shi ba tare da rigima ba. To ranku ya daɗe, masu rubuta kasafi da masu amincewa da shi, kuɗin na'ura da taswira da horo da cajin sola a ƙauyen da babu wuta, kuɗin guga da igiya ne. Na san abin da ke sa a yi sanyin jiki. Gada ana yanke mata ƙyalle a ɗauki hoto, ƙidaya ba ta da ƙyallen yankawa. Na kuma san akwai tsoro, wanda ba a faɗa a fili: kowane ɓangare na fargabar abin da na'ura za ta nuna. Ni ɗan arewa ne, kuma ina cewa idan ƙidaya ta gaskiya ta nuna mun fi yadda ake zato, nauyinmu ne ya ƙaru, yara ne da ke jiran aji da magani. Idan ta nuna ba mu kai ba, to abin da muke karɓa a kan ragowar ba namu ba ne, kuma ban san malamin da zai halatta mana shi ba.

Amma ba zan ɓoye ba, tsoron Iya yana da wata fuska da na'ura ke ƙara wa kaifi. A da, ƙasar Holan tana da rijistar jama'a mai tsari ƙwarai, har da addinin kowa. Da sojojin Hitila suka mamaye ta a 1940, wannan rijista ta taimaka musu wajen zaƙulo Yahudawa, kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar suka halaka. Har sai da 'yan gwagwarmaya suka kai wa ofishin rijistar Amsterdam hari a 1943 don su ƙona takardun. A Ruwanda a 1994, katin shaida mai ɗauke da ƙabila shi ake dubawa a shingen hanya. Kwamfutar da ta san ƙofar kowane gida da sunan kowane yaro, idan ta faɗa mugun hannu, ta fi dogaran haraji haɗari nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya ware kuɗin sayen na'ura bai ware na tsare sirri ba, rabin aiki ya yi. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma doka sai da masu tsaron ta. Dole a raba suna da adadi, a kulle bayanan yadda ko ma'aikacin da ya ɗauka ba zai iya sake buɗewa ba, a haramta miƙa su ga mai karɓar haraji ko ɗan siyasa, a hukunta wanda ya fitar. Abin da maigida ya gaya maka a zaurensa amana ce, ko a takarda ka rubuta ko a gilashi.

Na'ura kuma ba ta da tsoron Allah. Mai faɗa a jin nan da ya kira mu da dare zai nemi wata dabara, zai iya sa malamin ƙidaya ya ƙara mutum biyu a kowane gida yana tafe yana dangwalawa. Shi ya sa ake komawa wasu zaɓaɓɓun yankuna bayan an gama a sake ƙirgawa da wasu ma'aikata dabam don a gwada. Shi ya sa kuma a biya malamin ƙidaya haƙƙinsa a kan lokaci, kada yunwa ta kai shi zauren kaji. A sa limamai da fastoci da masu unguwanni cikin aikin tun daga farko, a ɗauki mata da yawa, don akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga, kuma a can jarirai suke. Kuma idan an gama a dawo wa kowace mazaɓa da nata adadin, a manna a ƙofar fadar dagaci: ku kaza ne, yaranku da suka isa shiga makaranta kaza ne, azuzuwanku kaza ne. Iya ba ta taɓa ganin ƙirge ya dawo mata da komai ba.

Bara na bi ta ƙauyen nan zuwa wata ta'aziyya, na tsaya na yi sallama a gidan. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Maigidan ya tsufa, amma ya gane ni, ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce, "Malam mai tawada!" Na tambaye shi takwarar Iya. Ya ce an yi mata aure a hayin ƙorama, ta zo wankan gida ma tana ciki. Ya aika aka kira ta. Ta fito ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, da jariri a kafaɗa, wasu yara biyu na riƙe da gefen zaninta. Ba ta san labarin rumbu ba sai da mahaifinta ya ba ta a gabana. Na tambaye ta ko yaran suna da takardar haihuwa. Ta ce a gida ta haife su duka, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya.